Filin Maigida: Idan Mota Ta Ƙi Tashi



Zafin bazara ke cinye ƙarfin batir, sanyin hunturu kuma ya tona asirinsa. Sau da yawa sai a daren da naƙuda ta kama uwargida, maigida ya murɗa makulli, mota ta yi shiru.

Kafin a tayar da makanike daga barci, a kunna fitilu, a sake murɗawa, a kasa kunne. In haske ya dushe, aka ji ƙas-ƙas kawai, laifin batir ne. Lafiyayyensa yana nuna bolt 12,6. Wanda ya sauka ƙasa da 12 ya raunana. A duba kawunansa: in farin gari ya taru, a fara kwance wayar mai alamar ragi, a wanke da ruwan kanwa, a ɗaure tamau. In haske na nan garau amma injin bai motsa ba, a tuhumi demarer. In yana juyawa bai kama ba, a duba isansi da buji, musamman ga mai sayen man kwalba a bakin hanya. Kada murɗawa ta wuce daƙiƙa 10. Mota mai giyar hannu tana tashi da turi a giya ta biyu. Otomatik ba ta tashi haka.

Tawakkali bai hana riƙo da sababi ba. A riƙa buɗe gaban mota kowace Juma'a, tun kafin ranar buƙata.

Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu, amin.