Idan Duhu Ya Yi, A Bar Wa Hannu Fokas

Shekara 14 ke nan ina ɗaukar hoton biki a Kano, kuma abin da ke damuna game da yaran da ke shigowa sana'ar nan shi ne, yawancinsu ba su taɓa murza zoben fokas da hannunsu ba. A jikin gilashin kyamara akwai ɗan maɓalli mai AF da MF. Tun ranar da suka sayi kyamarar yana kan AF, wato ita ke nemo fokas da kanta.

Bara, a wani ɗakin taro, ana tsakiyar kamu aka ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi. Ƙawaye suka kunna fitilun waya. Gwaggon ango ta ɗaga mayafin amarya ta fesa mata turare, aka rangaɗa guɗa. Yarona na gaban amarya, sai danna maɓallin ɗauka yake, gilashin yana kai da komo ya rasa abin kamawa. Da ya kama, sai ya kama duwatsun da ke ƙyalli a gefen mayafin. Duwatsu suka fito tar, fuskar amarya dishi-dishi. Kamu kuwa sau ɗaya ake yin sa, kuma har yau ina jin nauyin uwar yarinyar.

Ban ga laifin kyamarar ba. Abin da take nema shi ne inda haske da duhu suka yi iyaka. Da rana wannan iyaka na ko'ina: bakin ido, layin gira, zanen hula. Da dare sai komai ya haɗe, ta bi abin da ya fi ƙyalli. Ga shi kuma a duhu dole mu buɗe ƙofar gilashi. Da gilashin 50mm a kan f/1.8, mutum na tsaye nisan mita 2, wurin da zai fito garau bai wuce taƙi guda ba. Kuskure kaɗan, sai fokas ya bar ido ya koma kan abin wuya.

Na san za a ce sababbin kyamarori suna gane idon mutum ko a haske kaɗan. Gaskiya ne, na gwada. Amma mu nawa ne ke da kuɗinsu? Yawancinmu na hannu muke saya, masu shekara goma ko fiye. Kuma fasahar AF ɗin kanta ba ta daɗe ba: Konica ta fara fitar da kyamara mai fokas da kanta a kasuwa a 1977, Minolta ta biyo da samfurin 7000 a 1985. Maigidan da ya koya mini aiki ya riga su fara sana'a, kuma hotunansa na dare suna nan rataye a gidajen mutane.

Abin da nake yi ba wuya. In mayar da maɓalli kan MF, wato fokas da hannu, in buɗe allon baya, in ƙara girman hoton daidai kan idon amarya, in murza zobe har gashin ido ya fito, sannan in tsaya cak a wurin. In yaran tashe nake bi da azumi, sai in saita fokas a ƙarƙashin fitilar mai shayi, in rage ƙofar zuwa f/4, in ɗaga ISO, in jira su iso nan. Hoton zai ɗan yi tsaki-tsaki, amma fuskoki za su fito.

Amma a Hawan Daushe, dawaki na sukuwa da rana, AF nake sawa, domin hannuna ba zai kamo doki ba.

Roƙona ga 'yan'uwana masu situdiyo: kafin ku tura yaro bikin dare shi kaɗai, ku kashe fitilar shago, ku kunna kyandir ɗaya, ku zaunar da wani a gabansa, ya yi ta murza zoben nan har hannunsa ya saba.