Ranar Masoya Ba Daga Gumakan Rum Ta Fito Ba: Raddi Ga Malaminmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Duk shekara, da Fabrairu ta kama, akwai labarin da ke zagaye wayoyinmu da mumbarorinmu kan asalin ranar masoya ta 14 ga wata. A bana na ci karo da shi a maƙalar wani malami da nake ganin girmansa. Da'awarsa uku ce: wai ranar gadon wani bikin masu bautar gumaka ce a birnin Rum, Lupercalia, inda samari ke zaro sunayen 'yan mata daga tulu su tafi da su, wai Fafaroma Gelasius ne ya sauya wa bikin suna, wai kuma an kashe Valentine, wanda ranar ke ɗauke da sunansa, ne don yana ɗaura wa sojoji aure a ɓoye. Allah ya gafarta Malam, ba na shakkar kyakkyawar niyyarka, ni ma ba na raya wannan rana. Amma mu da aka koya wa tambayar isnadi kafin karɓar labari, bai dace mu ajiye ma'auninmu ba don labarin ya yi mana daɗi.

Da'awa ta farko. Lupercalia biki ne da aka yi da gaske, ranar 15 ga Fabrairu, kuma marubuta Ovid da Plutarch, waɗanda suka rayu lokacin da ake yin sa, sun siffanta shi. Bokayen bikin kan yanka awaki da kare a bakin wani kogo a gindin tudun Palatine. A shafa jinin wuƙar a goshin samari biyu, a goge da ulun da aka tsoma a madara. Sannan a yanka fatar awakin tsiri-tsiri, a zaga gari a guje kusan tsirara ana tsula wa mata, su kuwa suna miƙa hannu da fatan samun haihuwa. Wannan shirka ce tsagwaronta. Sai dai a duk bayanin nan babu tulu, babu ƙuri'a, babu haɗa saurayi da budurwa. Wanda ya yaɗa zancen ƙuri'ar shi ne Alban Butler, wani limamin Katolika Ba'ingile, a littafinsa na tarihin waliyyan Kirista da ya fito tsakanin 1756 da 1759, sama da shekara 1,200 bayan bikin ya mutu, kuma bai kawo tsohuwar madogara ba. Ita ƙuri'ar al'adar Ingila ce: Samuel Pepys ya rubuta a kundinsa na shekarun 1660 yadda ake zaro suna a Landan, mutum ya saya wa wadda ta faɗo masa kyauta. An ɗauki al'adar Landan ne aka jingina wa Rum. Malam, wace ruwaya ce za ka karɓa da giɓin ƙarni goma sha biyu a sanadinta?

Da'awa ta biyu. Gelasius ya riƙe kujerarsa daga 492 zuwa 496, kuma wasiƙar da ya rubuta wa wani ɗan majalisar Rum, Andromachus, tana nan. Ya yi tir da Lupercalia a cikinta, amma ko sau ɗaya bai ambaci Valentine ba, balle soyayya. Kusancin 14 da 15 ga wata ba hujja ba ce. Kiristoci sun riƙi 14 ne a matsayin ranar da aka kashe mutumin. In har bikin ya ci gaba da sabon suna, ina ya ɓuya kusan shekara 900 da babu marubucin da ya danganta ranar da masoya?

Da'awa ta uku. Tsofaffin littattafan coci sun kawo mutum biyu masu suna Valentine, limami a Rum da bishop a garin Terni, duk an kashe su a ƙarni na 3 saboda addininsu. Labarin na Rum shi ne ya warkar da wata yarinya makauniya, gidansu suka karɓi Kiristanci, aka fille masa kai. Auren sojoji ƙari ne na baya-bayan nan. Cocin Katolika da kansa ya cire sunansa daga kalandarsa ta gama-gari a 1969 saboda ƙarancin abin da aka sani game da shi.

To daga ina soyayyar ta shigo? Daga mawaƙa. Wajen shekarar 1380 Geoffrey Chaucer na Ingila ya rubuta waƙar Majalisar Tsuntsaye, inda ya nuna tsuntsaye na zaɓen abokan zama a ranar Valentine. Manazarci Jack Oruch ya nuna a 1981 cewa ba a samu wannan alaƙa kafin zamanin Chaucer ba. Zuwa 1477 wata budurwa, Margery Brews, tana kiran saurayinta John Paston da wannan suna a wasiƙa. Daga nan kasuwa ta karɓa: kan sarki mai araha da Birtaniya ta fitar a 1840 ya sa katunan suka yawaita, Esther Howland ta mayar da su sana'a a Amurka. A Jafan mata ne ke ba maza cakulan, maza su rama ranar 14 ga Maris. Gana, mai noman koko, ta mayar da ranar ta zama ranar cakulan ta ƙasa.

Wani zai ce, mene ne laifi in labarin na hana yara fita? Ga laifin. Bara wani ɗalibina ya same ni bayan darasi, waya a hannunsa, ya bincika zancen tulun da ya ji a huɗuba ya ga ba shi da tushe. Tambayar da ya yi mini ita ce: in wannan bai inganta ba, me kuma bai inganta ba cikin huɗubar? Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, kuma ran da ta kaɗe takan tafi da gaskiyar da ke kusa da ita.

Gaskiyar kuwa ta ishe mu hujja. Rana ce mai ɗauke da sunan waliyyin wani addini, mawaƙan Turai suka ƙawata ta, 'yan kasuwa suka tallata ta. Abin da ake yi a cikinta a garuruwanmu, na keɓewar saurayi da budurwa da kashe kuɗin da babu, haramcinsa bai jira tarihin Rum ba. Mu kuma muna da zance a zaure da sanin iyaye, muna da toshi, muna da lefe, hanyar da ke kai so zuwa aure.

Ina roƙon Malam ya janye waɗannan da'awoyi uku, ya sanar da almajiransa kamar yadda ya yaɗa su, ya ci gaba da nasiharsa a kan abin da ya tabbata. Komawa ga gaskiya ba ya rage darajar malami. Allah ya sa mu dace.