Zauren Iyali: Ruwa Ba Sa'an Kwando Ba

A wannan fitowa zauren namu zai tsaya kan wani koke da wata dattijuwa ta nan Zongo ta kawo mini bayan sallar la'asar. 'Yarta da ke aure a Marseille ta kira ta cikin ɓacin rai. Ita da mijinta sun tara kuɗi don yawon hutu na mako guda a cikin babban jirgin ruwa, irin wanda Faransawa ke kira croisière, amma da suka je yankan tikiti sai aka ce ba za a ɗauki jaririyarsu mai wata huɗu ba. "Malam," in ji dattijuwar, "wannan ba wulaƙanci ba ne? Mu da muka goya jarirai muka ƙetare kogi da su?"

Na ce mata, Hajiya, ki kwantar da hankalinki, wannan ƙa'ida ba ta duba fata ko addini. Mafi yawan manyan kamfanonin irin waɗannan jirage ba sa karɓar jaririn da bai cika wata 6 ba a ranar tashi. In tafiyar ta ƙetare tekun Atlantika ce, ko kuwa jirgin zai yi kwanaki a jere bai tsaya a wata tasha ba, sai yaro ya cika shekara guda. Haka kuma ba sa ɗaukar mai juna biyun da cikinta zai kai mako 24 kafin tafiya ta ƙare. Dalilin a fili yake. Akwai likita da ɗan ɗakin magani a cikin jirgi, amma babu sashen kula da jarirai, babu kwalbar bakwaini. Gudawa ko zazzaɓi kan galabaitar da jariri cikin 'yan sa'o'i, alhali asibiti mafi kusa yana iya kasancewa tafiyar yini guda.

Ko yaro ya cika sharaɗin shekaru, sauran ƙa'idoji na nan. Wuraren wasa da ma'aikata ke tsare yara a cikinsu galibi daga shekara 3 suke karɓa. Kaɗan daga kamfanonin, kamar Disney, suna da ɗakin reno na 'yan wata 6 zuwa shekara 3, shi ma sai an biya kuma an nemi gurbi da wuri. Yaron da bai daina sa ƙunzugu ba, ba a barinsa ya shiga yawancin tafkunan wanka, don kada ruwan ya gurɓace ya sa wa wasu ciwon ciki. Gadon jariri kuwa sai an roƙa tun lokacin yankan tikiti. Iyalin Musulmi su ƙara da tambaya a kan abincin halal kafin su biya ko tamma.

Waɗannan dokoki asara ce ta haifar da su. Bayan nutsewar Titanic a 1912 ne ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kare rayuka a teku a 1914. A ƙarƙashinta wajibi ne jirgin fasinja ya ɗauki rigunan ceto daidai jikin yara, daga 2010 kuma aka ƙara da na jarirai. Bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a 2012, inda mutum 32 suka rasu, sai aka wajabta nuna wa fasinja wurin taruwa da yadda ake sa rigar ceto kafin jirgi ya tashi ko nan take bayan tashinsa.

To, wani zai ce ina ruwan mutumin Zongo da wannan, tunda mu sai dai mu hango irin waɗannan jirage in sun tsaya a tashar Kwatano, fasinjojinsu su sauka su tafi Ouidah da Ganvié? Ruwanmu a ciki babba ne, domin mu ma muna ɗora 'ya'yanmu a kan ruwa, kuma babu mai yi mana tambaya ko ɗaya. Lokacin hutun Sallah makarantu da iyalai kan kai yara Calavi su hau kwale-kwale a tafkin Nokoué zuwa Ganvié. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya, 'yan'uwanmu masu zuwa Doso da Konni da Maraɗi suka koma ƙetare kogin Kwara a kwale-kwale, mata da goyo a baya, kaya a tsakiya. Wa ya ƙirga yaran da ke ciki? Wa ya tambayi rigar ceto?

Manyanmu ba su manta da jirgin Joola ba. Ranar 26 ga Satumba 2002 ya kife a gaɓar Gambiya a hanyarsa daga Ziguinchor zuwa Dakar. An gina shi don mutanen da ba su kai 600 ba, amma hukuma ta lissafa mamata 1,863. Tikitin da aka sayar bai wuce dubu da 'yan kai ba, kuma cikin waɗanda ba sa cikin rajista har da ƙananan yaran da ba a yanka musu tikiti. Saboda haka in ma'aikaci ya nace sai an rubuta sunan jariri da ranar haihuwarsa, taimakonka yake yi. Yaron da ba a rubuta ba, ba a tanadar masa wuri a jirgin ceto, kuma ba a san a neme shi ba.

Batun takardu ma daga nan tasharmu tarihinsa ya taso. A 2001 jirgin Etireno ya bar Kwatano zuwa Gabon, aka hana shi sauke fasinja a Libreville da Douala saboda zargin fataucin yara, ya komo ranar 17 ga Afrilu, aka sami yara 43 a cikinsa. A 2006 Benin ta kafa doka kan sharuɗɗan tafiya da yara da hukunta masu fataucinsu, Dokar Yara ta 2015 kuma ta ƙarfafa ta. Yaron da zai bar ƙasa ba tare da iyayensa ba sai da takardar izini daga hukuma. Faransa ma ta maido da irin wannan izini a Janairun 2017. Don haka kaka ko goggon da za ta tafi da yaro ganin gida ta tanadi izinin da takardar haihuwarsa ta ANIP tun da wuri, kada a tsayar da ita a kan iyaka ta ce an ci mutuncinta.

Na san akwai masu cewa ajali ba ya wuce lokacinsa. Gaskiya ne, amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi, kuma ɗa amana ne da za a tambaye mu a kansa. Hatta hukumomin Saudiyya sun hana zuwa da ƙananan yara aikin Hajjin 2025 saboda cunkoso. In ibada mai girma haka an jinkirta wa yaro ita don tsaron ransa, yawon hutu ai ya fi cancantar jira.

Shawarata ga magidanta ita ce mu kafa wa kanmu dokar da matuƙin kwale-kwale ba zai kafa mana ba. Kada mu shiga da yaro jirgin da kaya suka danne har ruwa ya kusa bakinsa. Kada mu ƙetare da dare ko hadari na haɗuwa. Uwa ta kwance goyo ta rungume jaririn a gaba, domin wanda ke ɗaure a baya shi ke fara nutsewa ba ta gani ba. Kowane ƙaramin yaro a damƙa shi ga babba guda da zai riƙe shi har a sauka. Malaman da ke kai ɗalibai Ganvié su rubuta sunaye, su ƙirga kafin hawa da bayan sauka, su kuma nemi rigunan ceto daidai jikin yara, domin ta babba yaro kan zame ya fita daga cikinta. Ina kira ga ƙungiyarmu da ta sayi 'yan kaɗan ta ajiye don aro.

Ita kuwa 'yarmu ta Marseille, na ce Hajiya ta gaya mata ta yi haƙuri wata biyu, ta kuma nemi a rubuta mata sharuɗɗan kafin ta sake biya. Teku na nan, ba inda za ta. Allah Ya tsare mana zuri'a a tudu da ruwa, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda. Wassalam.