Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Shugabannin Makarantun Firamare Kan Sanar da Iyaye a Lokacin Kaka

Zuwa ga shugabannin makarantun firamare da malaman aji na Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar,



Wannan wasiƙa ta shafi wani ɓangare na aikin malanta da ba a cika lissafa shi cikin aiki ba, wato isar da labarin makaranta zuwa gidajen da yara suke fitowa, musamman a zangon farko na shekarar karatu, wanda a yawancin jihohin Arewacin Najeriya yake farawa a Satumba ya ƙare a Disamba, a Jamhuriyar Nijar kuwa aka saba buɗe firamare a farkon Oktoba. Wannan zango ya faɗo daidai da kaka, lokacin da ruwa yake ɗaukewa a girbe gero, a bi da gyaɗa da wake da shinkafa, dawa kuma ta zo daga baya sa'ad da hunturu ya fara kamawa. A watannin nan ne magidancin karkara yake da abin hannu fiye da kowane lokaci a shekara, kuma a cikinsu ne ya fi bukatar hannun ɗansa a gona da na 'yarsa wajen roro da sussuka da kai abinci, saboda haka makarantar da ta yi shiru a wannan lokaci takan yi asara biyu, ta rasa yaran a aji, ta kuma rasa gudummawar da iyayensu suke da halin bayarwa.

Babbar matsalar da ke tsakanin makaranta da gida ita ce, a wurare da yawa iyaye ba sa jin muryar makaranta sai ranar da take neman wani abu, ko kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, ko na jarrabawa, ko tsintsiya da alli, har ta kai ga uba yakan ga takarda a hannun ɗansa ya san kuɗi ake nema tun bai buɗe ta ba. Wanda aka saba masa da haka ba zai zo taro da sakakkiyar zuciya ba, in ma ya zo. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, ya zama kyauta kuma tilas a makarantun gwamnatin Najeriya, ta ɗora wa iyaye nauyin kai yara, ta kuma mai da karɓar kuɗin makaranta laifi. Ma'anar wannan ga shugaban makaranta ita ce ba shi da hurumin tilasta wa kowa biya, abin da yake da shi kawai shi ne amanar mutanen gari, ita kuwa amana ana samunta ne idan bayani ya riga roƙo isa gida, kuma ya fi shi yawa.

Bayanin da ake nufi ba dogon jawabi kan muhimmancin ilimi ba ne, domin iyaye sun sha jin wannan a rediyo. Abin da magidanci yake bukata shi ne ranar da za a buɗe makaranta da ranar da za a rufe ta, da ƙarfe nawa ake shiga da tashi, da sunan malamin da yake riƙe da ajin ɗansa, da cewa yaro mai shekara shida ya isa shiga aji ɗaya, kuma rashin takardar haihuwa ko rashin kayan makaranta ba dalilin ajiye shi a gida ba ne, a kawo shi a rubuta sunansa, a nemi takardar daga baya a wurin jami'an Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Haka nan shirin ciyar da ɗalibai da Gwamnatin Tarayyar Najeriya ta ƙaddamar a 2016 domin 'yan aji ɗaya zuwa uku ya sha tsayawa, saboda haka wajibi ne a faɗa wa iyaye a fili ko akwai abinci a wannan zango ko babu, don kada uwa ta turo yaro bai karya ba bisa zaton zai ci a makaranta.

Amma mafi nauyi a cikin abin da ake bin makaranta bashin faɗa shi ne abin da yaro zai koya a makonnin nan, da abin da zai rasa idan bai zo ba. A zangon farko ne ake koya wa ɗan aji ɗaya riƙon fensir da sautin baƙaƙe da wasula da haɗa gaɓa, kuma a kan wannan harsashi ne karatun sauran shekaru yake tsayawa, don haka yaron da bai leƙo aji ba sai bayan an kai dawa rumbu yakan tarar da abokansa suna haɗa kalmomi shi kuwa bai san baƙi ɗaya ba, ya zauna a baya yana kwafar abin da ke kan allo ba tare da ya gane shi ba, wani ma ya kai aji huɗu a haka. Manomi ya fi kowa sanin cewa shukar da aka makara ba ta kamo wadda aka yi da ruwan fari, kuma idan aka yi masa bayanin zangon farko ta wannan fuska zai fahimta fiye da yadda zai fahimci barazanar hukunci. Ya kamata malamin aji ya iya faɗa wa uba cikin jimla biyu abin da ake sa ran ɗansa zai iya kafin hutun Disamba, alal misali ya karanta kalmomi masu gaɓa biyu, ya ƙirga har wani adadi sananne, sannan a ƙarshen zango ya faɗa masa gaskiyar ko ya iya ko bai iya ba. Katin sakamako mai ɗauke da maki da matsayin yaro a aji, wanda galibi da Turanci ko Faransanci ake cika shi, ba ya maye gurbin wannan magana, domin uba zai iya murna ɗansa ya zo na uku alhali yaron ba ya iya karanta sunansa.

Game da hanyar isar da saƙo, takarda tana da amfani, amma sai an rubuta ta da harshen da ake magana da shi a gidan, a taƙaice, rana da lokaci da wuri su fito a sarari, kuma a inda iyaye suka fi sabawa da karatun allo babu abin da ya hana a sa ajami a bayanta. Duk da haka magana ta baki ita ce kan gaba a ƙauye da unguwannin cikin gari. Mai unguwa da dagaci suna da sanƙira, wato mai shelar da yake zagaya gari da sanarwa, liman yana da jama'a a gabansa kowace Juma'a, malamin makarantar allo da na Islamiyya suna ganin yaran nan da iyayensu kullum, kuma shugaban makarantar da ya je ya gaishe su tun kafin a buɗe zango, ya roƙi su sanar da ranar komawa, ya samu bakunan da aka fi saurara fiye da nasa. Saƙon murya ta WhatsApp yana da sauri kuma ba ya bukatar iya karatu, sai dai yana tsallake gidan da babu babbar waya ko kuɗin data, kuma yaran irin wannan gida su ne suka fi fuskantar barin makaranta.

Akwai wadda dukkan hanyoyin nan suke iya wucewa ba su same ta ba, ita ce uwa. Sanarwar masallaci maza take samu, taron iyaye maza suke cika shi, waya kuma sau da yawa tana aljihun maigida, alhali uwa ce take tashin yaro da safe, ita take yanke ko yarinya za ta ɗauki jakar makaranta ko farantin talla, ita kuma take fara sanin ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi. A garuruwan da matan aure ba sa fita sai da dalili, hanyar isa gare su ita ce malamai mata su shiga gidaje da izinin masu gida, a bi ta Islamiyyar matan aure, a kuma jawo dattijai mata da ake jin maganarsu, irin su ungozoma da uwar adashi. Ƙungiyoyin iyaye mata da aka kafa a makarantu da dama na jihohi irin su Katsina da Sakkwato da Zamfara da Bauchi a ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata da UNICEF ta tallafa wa, da takwarorinsu da aka daɗe da sani a makarantun Nijar, an kafa su ne domin cike wannan giɓi, kuma inda suke da rai ya kamata su riga kowa jin duk wata sanarwa. Bayan girbi ne aka fi ɗaura aure a karkara, saboda haka idan za a yi magana da gida kan yarinyar aji biyar ko shida da ake shirin cirewa, a farkon kaka ya kamata a yi ta, cikin ladabi kuma a keɓe, tun ba a karɓi kaya an sa rana ba.

Lokacin taro ma saƙo ne. Taron da aka kira da hantsi ana tsakiyar girbi, ko aka sa shi ranar kasuwar garin, yana nuna wa manomi cewa makaranta ba ta san halin da yake ciki ba. Bayan la'asar ko bayan sallar Juma'a ya fi dacewa, kuma a wurin ne za a iya sasantawa a fili, yaro ya zo aji da safe ya tafi gona bayan an tashi, a kuma keɓe 'yan aji ɗaya da biyu daga aikin da zai hana su zuwa.

Ta fuskar lafiya, ƙarshen damina da farkon kaka lokaci ne da zazzaɓin cizon sauro yake yawaita, kuma maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida kowane wata a damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012, galibi yara 'yan wata 3 zuwa 59 ake ba, ke nan yawancin 'yan firamare sun wuce shekarun samunsa. Malamin da ya ga yaro ya yi kwanaki bai zo ba ya aika a tambayi lafiyarsa kafin ya rubuta shi cikin masu fashi, a kuma tuna wa iyaye kwana cikin gidan sauro da zuwa asibiti da wuri. Akwai kuma shekarun da ba a buɗe makaranta a kan lokaci, kamar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle a Satumba ruwa ya mamaye Maiduguri, Nijar ma ta ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba saboda ambaliya. A irin wannan hali, haka ma a yankunan da fargabar satar ɗalibai ta sa jita-jita take iya kwashe aji cikin rabin sa'a, dole jama'a su san mutum ɗaya da maganarsa ce maganar makaranta, su kuma san inda za su same shi.

Sai batun gudummawar jama'a. Tun tsakiyar shekarun 2000 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince kowace makaranta a Najeriya ta kafa kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda aka fi sani da SBMC, da ya haɗa basarake da malaman addini da wakilan iyaye da na mata da tsofaffin ɗalibai da masu sana'a da wakilan yaran kansu, kuma a Nijar akwai makamancinsa da aka fara saninsa da sunan COGES. Bambancinsa da ƙungiyar iyaye da malamai shi ne ya ƙunshi har wanda ba shi da ɗa a makarantar, domin makaranta ta gari ce. Ta hannun wannan kwamiti ya kamata a nemi taimako, kuma a neme shi da irin abin da ke hannun mutane a kaka. Wanda ba zai iya ba da naira ba zai iya ba da damin gero ko kwanon wake a sayar, kafinta zai iya gyara benci da taga kafin sanyin hunturu ya shigo wa yaran da ke zaune a ƙasa, magini zai iya yaɓe katangar da ruwa ya ci, samari kuma su yi gayya su nome ciyawar da damina ta bari a fili, wadda take ɓoye macizai. Zakkar hatsi tana da waɗanda shari'a ta ware mata, kuma hurumin malaman addini ne su yi bayaninta, amma shugaban makaranta ya san marayun da suke zuwa ba takalmi, yana iya sanar da liman halinsu a asirce ba tare da ya tozarta su ba.

Wannan duka yana da iyaka, domin gina aji da ɗaukar malamai da biyan albashi nauyin gwamnati ne, a Najeriya ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, kuma bai halatta a mai da kyautatawar talakawa madadin abin da hukuma ta gaza yi ba. Kwamitin da ya san yawan yaran da ke cikin kowane aji da yawan malaman da ake da su zai iya kai kuka gaba da hujja, abin da sau da yawa shugaban makaranta, kasancewarsa ma'aikaci, ba zai iya yi shi kaɗai ba. Bai halatta kuma a kori yaro ko a ambaci sunan ubansa a gaban aji don gidansu bai kawo komai ba.

Abin da ya fi saurin kashe gudummawa shi ne a karɓa a yi shiru. Duk damin da aka kawo da duk kuɗin da aka tara a rubuta su a littafin da ma'ajin kwamiti yake riƙewa, ba shugaban makaranta ba, a sayar da hatsi a gaban shaidu, a kuma nuna wa jama'a bencin da aka gyara da idonsu. Saboda haka ake kira ga kowane shugaban makarantar firamare da kada ya rufe zangon farko sai ya tara iyaye maza, ya kuma kai wa mata bayani ta hanyar da za ta same su, ya karanta musu da harshensu abin da aka karɓa da abin da aka kashe da abin da ya rage, ya faɗi yawan yaran da aka rubuta a farkon zango da yawan waɗanda suka kai ƙarshensa, sannan ya sanar da ranar da za a dawo a Janairu.

Wassalam.