Ciwon da Korona Ta Bari a Gidajen Ƙasar Haɗeja

A ranar 5 ga watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa korona ta fita daga sahun annobar da ke buƙatar matakin gaggawa a duniya. Tun kafin wannan rana mutanen ƙasar Haɗeja sun daɗe da ajiye takunkumi, kasuwa ta koma ci kamar da, sahun sallah ya koma kafaɗa da kafaɗa. Amma ya kai mai karatu, idan ka duba danginka da idon basira, mai yiwuwa ne ka tarar da wanda bai dawo daidai ba tun 2020. Wataƙila dattijuwa ce da ta daina zuwa biki da suna tun rasuwar maigidanta, ko magidanci da jarinsa ya karye ya koma zaman shiru a zaure, ko matashi da barci ya ƙaurace masa sai ya haɗiyi ƙwaya. Ra'ayina shi ne waɗannan bayin Allah marasa lafiya ne, suna da haƙƙin magani a kanmu, kuma rashin ganin sunan garinmu a binciken masana ba ya nufin ciwon ya tsallake mu.

Abin da masana suka gano

A watan Oktoba na 2021 mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa wani ƙiyasi da ya shafi ƙasashe da yankuna 204. Ya nuna cewa a shekarar 2020 kaɗai an samu ƙarin mutum miliyan 53 masu ciwon damuwa mai tsanani, wato ƙarin kusan kashi 28 cikin ɗari, da ƙarin mutum miliyan 76 masu ciwon fargaba, kusan kashi 26 cikin ɗari. Mata da matasa ne abin ya fi shafa. Kafin wannan, a watan Afrilu na 2021, masana daga Jami'ar Oxford sun duba bayanan asibiti na mutum 236,379 da suka kamu da korona, akasarinsu a Amurka. Cikin wata shida an gano ciwon ƙwaƙwalwa ko na jijiyoyi a jikin mutum ɗaya cikin uku, kuma kimanin kashi 13 cikin ɗari ba a taɓa samunsu da irin wannan ciwo ba sai a lokacin.

Adalci ne in gaya maka cewa ba duk masana suka tafi a kan haka ba. A watan Maris na 2023 mujallar BMJ ta fitar da nazarin da ya tattaro bincike 137, ya kuma ce idan aka ɗauki jama'a a dunƙule, canjin da aka samu kaɗan ne, sai dai mata sun ɗan fi jin jiki. Maganganun biyu ba su rushe juna ba. Masunci ya san cewa kogin da mafi yawansa bai wuce gwiwa ba yana da gurbin da ke cinye ƙato. Yawancin mutane sun jure sun wuce, wasu kuwa sun faɗa gurbin, kuma su ne abin dubawarmu.

Inda ƙidayar ba ta kai ba

Ƙiyasin Lancet ya dogara ne a kan bincike 48, kuma mafi yawansu an yi su ne a Yammacin Turai da Arewacin Amurka. Babu ko ɗaya daga Afirka kudu da Sahara. Adadin da aka ba Najeriya lissafi ne da aka gina a kan yawan masu kamuwa da raguwar zirga-zirga. Da dama daga binciken da aka yi a cikin gida lokacin kulle kuwa, tambayoyi ne da aka aika ta intanet da Turanci. Ka tambayi kanka, mai noman shinkafa a Auyo da matar da ke ƙyafe kifi a Guri, wane ne cikinsu ya cika irin wannan takarda?

Duk da haka binciken bai zama banza a gare mu ba, domin ya bayyana abubuwan da ke jawo ciwon. A watan Fabrairu na 2020 masana a Landan suka yi bitar bincike 24 a kan mutanen da aka taɓa killacewa a annobar baya, irin su Ebola. Suka ga abin da ya fi raunata zuciya shi ne tsawon killacewa, tsoron kamuwa, ƙarancin abinci da magani, rashin sahihin bayani, asarar dukiya, da ƙyamar da jama'a ke nuna wa wanda ya kamu. Ka auna wannan jeri da abin da ya same mu.

Azumin 2020 ya kama ne ranar 24 ga Afrilu, alhali Kano, inda fatakenmu ke kai kifi da shinkafa su saro kaya, tana cikin kulle. Aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, direba da ɗan kasuwa da ɗan dako suka zauna hannu rabbana. A watan Mayu aka shiga jin labarin yawan mace-mace a garin Haɗeja, musamman na dattawa, har gwamnatin Jigawa ta tura masu bincike. A Kano, ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979, kuma rabi zuwa kashi 60 cikin ɗari na iya kasancewa da alaƙa da korona. Ko mene ne ajalin waɗanda muka rasa, an yi makokinsu cikin tsoro. Ɗa yana Legas ko Abuja, hanya a rufe, bai ga jana'izar mahaifinsa ba. Masu ta'aziyyar da kan cika gida su ɗebe wa mai rashi kewa suka ragu.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A watan Satumba na wannan shekara Kogin Haɗeja ya yi ambaliya, ya cinye gonaki da gidaje a yankunan Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri, sannan a 2022 ruwan ya dawo da ƙarfin da ya fi na baya. A Ingila an bi mutanen da ruwa ya shiga gidajensu a ambaliyar 2013 zuwa 2014. Bayan shekara guda, ɗaya cikin biyar na da alamun ciwon damuwa, fiye da ɗaya cikin uku kuma na da alamun firgicin da ke biyo bayan masifa. Can fa akwai inshora. Manomin da ya ci bashin taki, ruwa ya tafi da amfanin, wata biyar bayan kulle ya cinye jarinsa, ba ya buƙatar mujalla ta tabbatar masa da nauyin da ke ƙirjinsa.

Akwai kuma waɗanda tun asali suke kan magani. A watan Oktoba na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin ƙasashe 130 da ta tambaya, kashi 93 cikin ɗari sun samu tsaiko wajen kula da masu ciwon ƙwaƙwalwa. Iyalin da ke kai ɗansu asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, ko na Dawanau, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sun san abin da rufe hanya ke nufi: magani ya yanke, ciwon da ya kwanta ya tashi.

Shin wannan ba ciwon Turawa ba ne?

Za ka ji ana cewa mu muna da imani da tawakkali da zumunci, don haka irin wannan ciwo ba namu ba ne. Gaskiya ne imani da zumunci garkuwa ce babba, kuma su suka riƙe mutane da yawa. Sai dai mai imani yana kamuwa da hawan jini da ciwon suga, ba kuma wanda ke cewa tawakkalinsa ne ya yi rauni. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, aka wallafa a 2006, ya gano cewa kimanin mutum 12 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya sun taɓa fama da wani ciwon ƙwaƙwalwa, kuma cikin masu ciwo mai tsanani kimanin 8 cikin ɗari kaɗai suka samu magani a shekarar da ta gabata.

Abin da ke ɓoye ciwon a wurinmu shi ne ta jiki yake magana. Da wuya mace ta ce wa ma'aikacin lafiya tana cikin baƙin ciki. Cewa za ta yi kanta na ciwo, gabanta na faɗuwa, wani abu na yi mata yawo a jiki, ba ta da ƙarfi. Sai a yi ta ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro da taifot, wata bayan wata, kuɗi na ƙarewa, sauƙi bai zo ba.

Ba kuma dole ba ne ka zaɓi tsakanin malam da likita. A 2020 Lancet ta wallafa gwajin da aka yi a Ibadan da Kumasi ta ƙasar Ghana, inda masu maganin gargajiya da masu addu'a suka yi aiki tare da ma'aikatan asibitocin matakin farko a kan masu taɓin hankali. Bayan wata shida, waɗanda aka kula da su ta wannan haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi. A ci gaba da addu'a, a kuma sha magani.

Abin da ya rage a hannunka

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tunda masu ƙidaya ba su zo ba, kai ne za ka lura. Idan wani naka ya kwashe mako biyu ko fiye, kusan kullum yana cikin ƙunci, ya daina jin daɗin abin da a da yake so, barcinsa da cin abincinsa sun rikice, yana ganin kansa ba shi da amfani, to lokacin zuwa asibiti ya yi. Haka nan wanda hadari ko ƙarar ruwan sama ke sa shi kwana a zaune yana rawar jiki. Baƙin cikin rashi ba ciwo ba ne, amma idan mace ta fita takaba, wata shida ya wuce, har yanzu kewar ta hana ta girki da wanka da kula da yara, ku sani cewa tun daga 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin wannan doguwar jimami cikin cututtukan da ake yi wa magani.

Ka fara da asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Haɗeja. Ka faɗa wa ma'aikacin lafiya batun barci da damuwa da tunani kamar yadda za ka faɗa masa ciwon kai, ka kuma nemi a tura ku wurin ƙwararre idan da buƙata. Maganin damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin aikinsa, kuma ana ci gaba da shi watanni bayan an ji sauƙi, don haka kada a yanke shi ba da sanin likita ba. Ku guji sayen maganin barci ko Tramadol a kemis, domin suna kama mutum su ƙara masa wani ciwon. Kafin damina ta yi nisa, wanda ke kan magani ya nemi likita ya ba shi na tsawon lokaci, ya ajiye shi tare da katin asibiti cikin leda a wuri mai tudu.

Idan mutum ya fara cewa gara mutuwa, kada ka ɗauka wasa ne, kada kuma ka rufe shi da faɗa. Tambayarsa kai tsaye cikin tausasawa ba ta cusa masa tunanin, sauƙi take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kulle maganin feshi da na ƙwari inda hannunsa ba zai kai ba, domin kusan ɗaya cikin biyar na masu hallaka kansu a duniya da irin waɗannan magunguna suke yi. A kai shi asibiti a ranar. Mari da duka da kulle mutum a ɗaki ba sa warkarwa, kuma Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi mutuncin mara lafiya.

Kira ga hukuma da masana

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga al'umma fiye da miliyan 200. Ba za su isa kowane ƙauyen fadama ba. Shi ya sa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane waɗannan cututtuka su kuma fara magance su. Wannan ne ya kamata ku nema daga wakilanku da hukumomin lafiya na Jigawa. Masana na Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Bayero da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa kuwa, aikin da ke jiransu shi ne su shiga ƙauyuka su yi tambaya da Hausa, baki da baki, mata su tambayi mata. Idan sun zo ƙofarka, ka karɓe su ka faɗi gaskiya, domin ba a ware kuɗin magani ga ciwon da ba a ƙirga ba.

Kafin su zo, ka tuna wanda ya faɗo maka a rai tun farkon wannan karatu. Ka je ka zauna da shi a wannan mako, ka tambaye shi yadda yake barci, ka saurare shi har ya gama, sannan ka ce masa za ka raka shi asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.