Matsewa Ba Ita Ce Magani Ba

Wata gurguwar fahimta ta yi katutu a zukatan jama'a: wai abin ɗaure gwiwa ko bel ɗin baya ba ya aiki sai an ja maɗaurinsa har numfashi ya sarƙe. Ya kai mai karatu, wannan ta'ada tana nakasa mutane.

Kullum muna zargin masu ɗori da matse karaya da karare har gaɓa ta ruɓe, a kai ga yanke ta. To, mene ne bambancinka da su? A gefen gwiwarka ta waje, ƙasa kaɗan, akwai jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa, kusan fata ce kaɗai ta rufe ta. Maɗauri ya danne ta tsawon sa'o'i, sai ka wayi gari kana jan ƙafa. Mai ciwon suga kuwa, wanda jijiyoyinsa suka riga suka dushe, ba zai ji zafin ba sai gyambo ya buɗe.

Laifin masu kemis ma ba kaɗan ba ne, da suke miƙa wa mutum kwali ba tare da sun auna shi ba, kamar masu sayar da safa.

Ka ɗaura ta yadda yatsu biyu za su shige tsakanin maɗauri da fata, amma abin bai zamewa idan ka taka. Ƙafa kan kumbura da yamma, don haka awon safe ba ya wadatarwa. Ka sake dubawa. Idan yatsunka suka yi sanyi, suka sage ko suka canja launi, ka kwance nan take, ka nufi asibiti.