Shi likitan haƙori, wa ke tambayar lafiyarsa?

Jama'a, mu ɗan ajiye siyasa yau mu yi maganar likitocin haƙori da ma'aikatan da ke taya su aiki.

Mu mutanen Wurno, Rabah da Goronyo mun san halinmu. Ba ma kai ciwon haƙori asibiti sai kunci ya kumbura, an kwana uku ba barci, an danna kanumfari, an sha maganin kemis, wani ma ya biya ta wurin mai cire haƙori na kasuwa. To a haka muke isa gaban likita: ga zafi, ga tsoron allura, ga fushi. Shi kuma tun safe yana sunkuye kan bakin mutane, wuya da baya duk sun riƙe. Wata rana ba wuta, janareta ba mai. Ya san ciko kawai haƙorin ke buƙata, amma ba kayan aiki ko ba kuɗi, dole ya cire. Wallahi wannan na cin ran duk wanda ya san aikinsa.

Sai babbar, ciwon noma, wanda wasu ke kira ciwon iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara tara cikin goma na iya mutuwa idan ba a yi magani ba, kuma sai a Disambar 2023 ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Muna da Asibitin Noma a Sakkwato tun 1999, MSF na tallafa masa tun 2014. Amma ma'aikacin da ya ga yaro a makare ya ce a wuce Sakkwato, uba ya ce ba kuɗin mota, ko hanya ba lafiya saboda 'yan bindiga, da wace zuciya zai koma gida?

Wasu addu'a da hirar majalisa ke rage musu nauyi. Wasu su yi shiru su haɗiye. Wasu su zama masu faɗa, mu ce girman kai ne. Wasu su tattara sai Saudiyya, mu ce ba su da kishi.

Ni dai a ganina "a yi haƙuri" ta yi kaɗan. Ma'aikatar Lafiya ta Jiha ta daina barin mutum ɗaya shi kaɗai a sashe. A ba su gida mai tsaro, sola da kayan ciko, hutu kuma ya zama hutu. 'Yan majalisarmu na Gabas, idan an zo kasafin kuɗi muna son jin bakinku kan wannan.